Mai Allurar Shanu da Ƙwaryar Ƙaronsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Surukina ya rasu wata Talata bayan azahar, a ɗakinsa na ƙofar gida nan Dakoro, kuma kafin rana ta yi sanyi an kai shi makwancinsa. Bai yi doguwar jinya ba. Tsufa ne, sai ɗan tari da ya zo ya ƙarasa.

Ni matar babban ɗansa ce, don haka kwanakin zaman makoki a bakin murhu na yi su. Amma gidanmu ba shi da faɗi, kuma darnin da ya raba mu da rumfar maza ba ya riƙe magana. Kusan duk abin da aka faɗa a kansa ya iso kunnena.

Tsofaffin da suka yi aiki tare da shi a gidan likitan dabbobi su ne suka fara zuwa. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin mai saurin hannu irinsa ba, kafin saniya ta san an taɓa ta ya wuce ga ta gaba. Wani ya ce, "Hannu kam akwai. Kan ne ba ya jin magana." Aka yi ƴar dariya, aka ce Allah shi gafarta mishi. A ɓangarenmu na mata kuwa zancen ƙaro ake yi. Wata maƙwabciya da yanzu ta yi jikoki ta ce har yau in ta hango ƙaro a kasuwa sai ta ji maƙogwaronta ya yi danƙo. Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya, wasu da hawaye.

Rana ta biyu wani dattijon makiyayi ya zo daga arewa, dogo, rawaninsa har bisa hanci. Bai shiga rumfa ba. Ya tsuguna daga baki, aka yi fatiha, aka miƙa masa fura ya ce alhamdu lillahi. Da zai tashi ya dubi maigidana ya ce, "Ubanka bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wanga kam na shaida." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Samarin gidan suka yi ta tambayar ko wane ne. Da aka kwatanta shi ga surukata, wadda ke ɗaki cikin takaba, sai ta ce, "Ashe ya zo," ta ci gaba da jan carbinta.

Tambayar samarin nan ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ƙananan jikokinsa wani tsoho mai kaji suka sani, mai tsawa in an taɓa masa ƙwarya. Ni kuwa na shigo gidansa tun yana da ƙarfinsa, na ga abubuwan da ba a cika faɗa ba. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yau ba.

Aikinsa allurar rigakafin dabbobi ne. In kaka ta wuce, makiyaya suka fara taruwa a bakin rijiyoyi, sai a ɗora su a mota da akwatin sanyi cike da galas, wato ƙanƙara, su yi arewa, ko su bi ƙauyukan Kornaka da Sabon Maci. Maganin gari ne a ƴan ƙananan kwalabe. Yana zuwa da ruwansa na musamman da ake narka shi, kuma in zafi ya taɓa shi ya mutu ke nan. Yakan dawo gida ya yi baƙi ya rame, rigarsa tana warin garke, ya kwana biyu ba ya son magana.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat tun yana sabon ma'aikaci. Kwalba ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya, amma in ciwon huhu ya shigo ƙasa sai wasu shanun su tsaya, wasu su faɗi kamar ba a taɓa yi musu ba. Abokan aikinsa sukan ce sanyin ne ya yanke a hanya, ko kuwa yunwa ta riga ta cinye dabbar. Bai musa ba, amma bai ƙoshi da amsar ba. Shi a ganinsa, garken da ke kiwo inda itacen ɗakwara ya yi yawa, inda ƙaro ke tsatsowa a jikin rassa, sun fi riƙe allura. Ko haka ne, ko kuwa ido ne ya ga abin da zuciya ke so, ban sani ba. Daga nan dai ya samo maganar da duk unguwa ta haddace:

"Allura mai shela ce, ba ita ka yaƙi ba. Jiki ka yaƙi. To in jiki na kwana, wa za ya ji shela?"

A wurinsa ƙaro ne mai tada jiki. Duk abin da ke da yauƙi ma yana ganin girmansa, kuɓewa, kuka, lalo, dargaza, amma ƙaro ne babba. Ranar kasuwa yakan tare matan da ke kawo shi daga daji tun kafin su sauke kaya. Ya dawo ya shimfiɗa buzu a zaure, ya riƙa ɗaga kowane ƙwaya yana duba ta a hasken rana. Fari mai garau ya ware gefe, ja mai datti ya ba masu haɗa tawada da masu wankin hula. Farin ya daka, ya jiƙa a wata ƙwarya da ba wanda ke taɓawa. Surukata ta daina yi masa magana a kai tun kafin in zo gidan. Sharaɗinta ɗaya, kada ya kusanci turminta na fura, sai ya sa aka sassaƙa masa nasa ƙarami. Kafin ranar allura yakan aika wa makiyayan da suka yarda da shi su ba maruƙa ruwan ƙaro su sha. Wasu su ba su, wasu su amsa da to su ba yaransu su tauna.

Saɓanina da shi ɗaya ne, kuma a kan ɗiyata ta fari aka yi shi. Lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ungozomar likita ta ja mana kunne cewa har wata shida ban da nono kada a ba jariri komai, ko ruwa. Ana gobe za a kai yarinyar allurarta, da hantsi, sai na ga ƙwarya a bakin ƙofar ɗakina da ɗan ƙaramin ludayi a ciki. Tsakanin suruki da suruka ba a magana kai tsaye. Ya tsaya can gindin darni, ya ba ɗakin baya, ya yi magana da jaririyar, wadda tun ranar suna yake kira amarya irin wasan kaka da jika.

"Amarya, ga tsarabarki. Ki ce ma masu riƙonki su ba ki ludayi guda kahin gobe."

Sai ni ma na ari bakin jaririya, ina kallon ƙasa.

"Ta ce a gaya wa Baba ta gode, amma likita ta hana ta komai sai nono."

"Likitar ta girme ni?"

"Ta ce ba ta sani ba, Baba. Tsoro dai take ji."

Surukata ta dakata da daka. Maigidana ya duƙufa a kan sarƙar kekensa bai ɗago ba. Tsohon ya fita ya bar ƙwaryar. Abincin rana da aka kai masa ya dawo yadda aka kai shi. Na ɗauka na gama ɓata zamana a gidan. Sai bayan la'asar na ji gyaran muryarsa a wurin da ya tsaya da safe.

"Amarya, na yi tunani. Tunda rijiya guda kike sha, a zuba ma rijiyar."

Na ɗauki ƙwaryar na shanye. Ba zaƙi, ba ɗaci, sai santsi mai kama harshe. Haka na yi ta sha a kan kowane yaro da na haifa. Ban san ko ya ƙara wa yaran wani abu ba. Na san dai daga ranar bai sake matsa wa jariri ba, nawa ko na maƙwabta. Mu iyaye mata ne muka shiga uku.

Kada wani ya ɗauka yana ganin ƙaro zai tsaya a madadin allura. Ko kusa. Shekarun da aka yi ta raɗe-raɗin cewa rigakafin yara yana hana haihuwa, mutane suna ɓoye ƴaƴansu a bayan rumbu, shi ne ke tasa jikokinsa gaba ya kai su a fara da su a bainar jama'a. Sannan ya bi gidajen da suka rufe ƙofa, ya yi sallama da maigida, ya zauna kamar hira ta kawo shi. Na taɓa jin ya ce da wani, "Ni na yi ma shanun ubanka allura da hannuna. Sun haihu ko ba su haihu ba?" Can mutumin ya shiga ya fito da yaran.

Yanzu sai zancen dattijon nan mai rawani. Amininsa ne tun suna samari. Duk ranar kasuwa a gidanmu yake sauka, ya kawo cuku da man shanu, su kwana suna hira a zaure. Yana da tabarmarsa da butarsa a gidan. Shekarar da ɗiyata ta fara tafiya, ciwon huhu ya yi masa ɓarna duk da an yi wa garkensa allura. Da lokacin allura ya zagayo, sai ya ce da surukina, "Bana ka yi mini wadda ka riƙewa."

Ashe tsohon ya daɗe da wani tunani a ransa. In ƙaro yana taimako ta baki, ina ga an haɗa shi da allurar kanta? Ya tafasa ƙaro, ya tace da farin ƙyalle, ya bar shi ya huce, ya ɗura a kwalba. Da suka isa rijiyar da amininsa ke shayarwa, ya zuba kaɗan a ruwan narka magani, ya yi wa maruƙan mutumin su kaɗai. Bai gaya wa abokan aikinsa ba. Amma ya gaya wa mai shanun abin da zai yi, ya kuma gaya masa bai taɓa gwadawa ba. Mutumin ya ce, "Hannunka hannuna ne."

Kafin kasuwa ta zagayo wuyan maruƙan ya kumbura. Kumburin ya yi tauri, ya yi zafi, ya fashe da mugunya. Suka daina shan nono. Aminin bai aiko ba, wani ɗan uwansa ne ya faɗa a kasuwa. Surukina ya hau kamiyon ƴan kasuwa ya tafi da kayan aikinsa, ya zauna can yana tsagawa yana wankewa, wanda ya mutu ya taya binnewa. Kaɗan ne suka tashi. Wanda ya san makiyayi ya san maruƙa su ne gobensa, kuma na shekara guda cur suka tafi.

Ina shara ya dawo. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya wuce ɗakinsa. Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi buro, ofishinsu. Daga baya muka ji cewa abokan aikinsa sun tare shi a ƙofa, sun ce ya bari a ce galas ne ya narke maganin ya lalace, abin da ke faruwa ne, ba mai bincike. Ya ce musu, "Galas bai yi komi ba." Ya shiga ya faɗa wa shugabansu da bakinsa. Ba a kore shi ba, saboda daɗewarsa, amma an raba shi da daji. Aka ba shi tsaron firigon sanyaya magani da ɗakin ajiya, kuma a nan ya zauna har ya ajiye aiki. In motar allura za ta tashi shi ke jera musu kwalabe a akwati, ya tsaya a ƙofa har ta ɓace.

Aminin bai kai ƙara wurin jandarma ba, bai je gaban sarki ba, bai faɗi baƙar magana ba. Ya dai daina sauka gidanmu. An ɗauki lokaci surukina yana shimfiɗa tabarmar nan duk ranar kasuwa, da yamma ya naɗe ta. Daga baya ya daina. Ya taɓa aika masa da karsanarsa, ita kaɗai gare shi. Aka maido ta da gaisuwa, aka ce ya gode, amma ba ya son abin da zai riƙa gani a garke yana tunawa. In sun haɗu a kasuwar dabbobi sukan gaisa cikakkiyar gaisuwa, iyali da gajiya da labarin ruwa, sannan kowa ya kama gabansa. Haka suka tsufa. Mutumin da ya tsuguna a bakin rumfa ke nan, kuma abin da ya shaida gaskiya ne.

Na zaci daga nan zai fasa ƙwaryar. Bai fasa ba. Ya ci gaba da sayen ƙaro, ya ci gaba da jiƙawa, amma bai sake barin sa ya kusanci allura ba. In wani ya tambaye shi yakan ce, "Baki shina da mai gadi. Fata in ka huda ta, ba kowa bakin ƙofa." A gidan ba wanda ke tada zancen maruƙan, kuma ba wanda bai sani ba.

Da ya ajiye aiki sai ya koma kan kaji. Ya raba filin da ke bayan gidan biyu da darni. In an ɗiga wa kajin maganin rigakafinsu, ɓangare ɗaya su sha ruwan ƙaro, ɗayan su sha ruwan rijiya. Ya ɗaura wa na ƙaro jan zare a ƙafa. Amma kaza ba ta san darni ba. Su tsallaka su sha na juna, yara su bar ƙofa buɗe, zakaran maƙwabta ya shigo, surukata ta yi baƙi ta kama wadda ta fi kusa ta yanka ba ta duba ƙafa ba. In ciwon kaji ya zo ya ɗiba nan ya ɗiba can. Sai ya tsaya yana kallon waɗanda suka rage, hannu a baya, ya ce, "Bana ma ba su faɗa mini komi ba." Shekara ta zagayo ya sayi sabon zare.

Sau ɗaya na ji ya ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Autansa, ƙanen maigidana, yana sayar da magungunan dabbobi kasuwa-kasuwa, har kasuwar garin Mai Yara. Ya zo da shawarar a riƙa ɗura ruwan ƙaron a kwalabe, a manna hoton tsohon, a rubuta cewa yana ƙara wa allura ƙarfi. Ya ce makiyaya sun san fuskar, za su saya.

"Abin da ban sani ba za ka saida da huskata?"

"Baba, ai tun ban san kaina ba kuke ba mutane."

"Ina ba su in ce musu ina zato. Kai za ka ce musu ka tabbata. Kuma wani za ya zuƙa a allura ya soka ma dabba. Na san mutane, don ni ma mutum ne."

Autan ya ce tsohon ya fi son kaji da ƴaƴansa. Tsohon ya ce ya fita masa daga zaure. Yaron ya yi fushi ya koma cin abinci gidan abokinsa, sai da sallar layya ta zo ya shigo ya riƙe wa mahaifinsa rago, aka wuce wurin ba wanda ya ba wani haƙuri. Kwalaben da ya riga ya sayo surukata ce ta zuba man gyaɗa a ciki.

Jaririyar nan da aka yi rikicin ludayi a kanta ta girma, ta tafi Yamai karatun haɗa magunguna. Ita kaɗai ce a gidan ke iya gaya masa abin da ta ga dama, don jika ce. Wani hutu da ta zo, ta same shi a inuwar zaure ta cikin gida yana zaɓen ƙaro. Ni ina gefe ina tsince wake. Ta zauna bakin buzunsa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a baki.

"Tsoho, ka san an koya mana zancenka a aji?"

"Wa ya san ni can?"

"Ba sunanka ba, zancenka. Allurai da yawa ba su kaɗai ake haɗa su ba. Ana sa musu wani abu mai taimako, aikinsa ya zaburar da jiki ya lura da maganin."

Ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ta ce masa a cikin ƙaro da yauƙin kuɓewa da ire-irensu akwai wani abu dangin sukari, amma ba mai zaƙi ba, wanda ƙwayoyinsa ke sarƙe da juna kamar dogon carbi. Masu bincike a ƙasashe dabam-dabam suna tatso irinsa daga tsirrai, su tsarkake shi, su gwada ko zai ƙara wa garkuwar jiki kuzari, ko kuma a haɗa shi da allura ya zama mai taimakon nan. Wasu sun nuna alama, wasu ba su yi komai ba, kuma ba kowane tsiro ne ke da irin wanda ake nema ba.

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ce, "Ke nan ina da gaskiya?"

Na daina tsintar wake. Na so ta ce e. Tsoho ne, me zai rage ta da shi?

Ta ce, "A'a, angona. Tambayar kam ka yi ta daidai. Amsar ce ka yi wa gaggawa. Abin da ka tace da ƙyalle, su sai sun tace shi har ba sauran ƙwayar cuta, su auna shi, su san mene ne a ciki. Kuma ƙaronka ni ban ji an tabbatar da shi ba, ko ta baki ko ta allura."

"To su bisa mi suke gwadawa?"

"Ɓeraye tukuna. Ana daɗewa kafin a kai ga saniya, balle mutum."

"Ɓeraye," in ji shi. Ya juya ya dubi rumbun hatsi da ke tsakar gida. "Rumbun ga cike yake da ɓera tun ina saurayi. Kullum uwargidan ga tana ƙorafi. Ni kuwa na tsallake su duka na tahi ga maruƙan mutumin da ya yarda da ni."

Ya yi dariya, dariyar ta ɗan yi tsawo, sannan ya ja hannun riga ya rufe fuska. Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci maruƙan a cikin gida. Na ɗauki faifaina na shige ɗaki, don ba abin da ya kamata suruka ta gani ba ne. Daga ciki ina jin yarinyar tana tsokanarsa wai ango ba ya kuka gaban amarya.

Kafin ta koma ya yi kwanaki yana zaɓe. Ya fitar da mafi haske a duk abin da ya tara, ya zuba a gwangwanin madara da ya wanke ya shanya, ya ɗaure bakin da ƙyalle.

"Ki kai ma malaminku. Ki ce na Dakoro ne, daga arewa da gari, ɗiban rani. Kar ki ce na ce shina yi. Ki ce na ce a duba."

Ta kai. Malamin ya karɓa da mutunci, ya yi tambaya a kan tsohon, ya ce irin wannan aiki yana son kayan aiki da lokaci, kuma a yanzu ba su da hali. Ya ɗora gwangwanin a kan kanta. Haka ta gaya mana, haka aka gaya masa. Bayan nan in ta kira waya aka miƙa masa, yakan tambaya wani lokaci, wani lokaci ya manta.

Kiransu na ƙarshe yana kwance, tarin ya riga ya kama shi. Maigidana ne ya riƙe masa wayar don ba shi da ƙarfi, ni kuma na shigo da ruwan zafi. Suka yi wasansu da suka saba, ta ce ya tashi ya biya sadaki, ya ce ta yi masa tsufa. Sannan ya ce, "Amarya, saƙona fa?"

Maigidana ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar zai yi mata raɗa ta faɗi abin da zai faranta wa tsohon, amma ta riga shi.

"Yana nan bisa kanta, Kaka. Ba a taɓa shi ba."

Na ga ran maigidana ya ɓaci. Tsohon kuwa ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a kan matashi.

"Madalla. Kar ki matsa musu. Ki bar su su bi a hankali."

Daga nan ya tambaye ta ko tana samun abinci mai kyau a can, ya ce a kashe waya kada a cinye mata lokacin karatu.

Bayan ƴan kwanaki ya cika. Bai san amsar tambayarsa ba, mu ma da ya bari ba mu sani ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya yafe masa abin da ya yi cikin sani da wanda ya yi cikin zato. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa a samu ko mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ba mu taɓa yi masa ƙarya ba. Amin.